Koyon Fiyano a Wurin Malami: Jawabi ga Iyaye da Ɗalibai

A kowace shekara, idan aka tashi daga bikin raba kyaututtuka, iyaye sukan tare mu da tambaya iri ɗaya. Sun ga yaro ko yarinya a gaban fiyano suna bi wa mawaƙan makaranta kiɗa, su ma suna so nasu 'ya'yan su iya. Wasu suna tambaya ko wane irin fiyano za su saya. Wasu suna neman malamin da zai riƙa zuwa gida. Akwai kuma manya, har da tsofaffin ɗalibanmu, waɗanda sukan rage murya su ce, "Malam, mu fa, lokaci bai wuce mana ba?"

Mun ga ya kyautu mu amsa waɗannan tambayoyi a wuri guda, domin magana ce da ta shafi aljihu da lokaci da tarbiyyar yara. Gidaje da dama sun sayi fiyano da kuɗi mai yawa, bayan wata uku aka rufe shi da zane, ya zama wurin ajiye rediyo. Dalilin kuwa kusan kullum ɗaya ne: an ɗauka cewa sayen kayan kiɗa da biyan malami sun isa. Alhali kuwa darasin rabin awa a mako ba ya mai da kowa makaɗi, sai an haɗa shi da ɗan aiki na kullum a gida.

Mene ne fiyano?

Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a birnin Fulorans wajen shekarar 1700. Kafin lokacinsa akwai kayan kiɗa masu maɓallai, amma yawancinsu ko an danna da ƙarfi ko an danna a hankali, sautin ba ya canzawa. Shi ne ya gano dabarar sa 'yar guduma ta bugi tsirkiya ta koma da baya nan take. Saboda haka aka raɗa wa abin suna da kalmomin Italiyanci biyu masu ma'anar "a hankali" da "da ƙarfi", daga baya aka gajarta sunan. Uku daga cikin waɗanda ya ƙera da hannunsa suna nan har yau, mafi tsufansu na shekarar 1720 yana gidan tarihi a birnin Niyok na Amurka.

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, an ja su da ƙarfi a kan ƙarfen da ke riƙe da su, kuma jimlar wannan ja takan kai tan 18 zuwa 20. A bayansu akwai faffaɗan allon katako wanda shi ne ke ƙara wa sautin girma, kamar yadda ƙwarya ke yi wa tsirkiyar goge. Kowane sauti yana da yawan kaɗawarsa. Alal misali, sautin da makaɗa ke daidaita kayansu da shi yana kaɗawa sau 440 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka hau zuwa ɗan'uwansa na sama, wato farin maɓalli na takwas, kaɗawar ta ninka ta zama 880. Ɗalibanmu na ajin kimiyya za su ga cewa darasin sauti da suke yi a aji shi ne ke aiki a nan.

Baƙaƙen maɓallai an jera su biyu, uku, biyu, uku, har ƙarshe. Wannan jeri shi ne taswirar mai koyo. Farin maɓallin da ke hagu da kowane baƙaƙe biyu sunansa C, daga nan ake lissafa sauran. Yaron da ya gane wannan a ranar farko ba zai ƙara ɓacewa a kan fiyano ba.

Yadda ya iso ƙasarmu

Kiɗan maɓallai ya shigo Nijeriya ta bakin teku a ƙarni na 19, ta hanyar coci-coci da makarantun mishan na Legas da Abekuta da Kalaba. A Arewa kuwa ya biyo masu mishan a farkon ƙarni na 20. Abin da suka fi ɗaukowa shi ne ƙaramin ogan mai zugazugi, wanda ake taka wa iska da ƙafa, domin ana iya naɗe shi kamar akwati a ɗora a ka. Da irinsa ne aka koya wa kakanninmu waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, kuma malaman makaranta na wancan zamani da yawa sun fito daga kwalejin horon malamai da ɗan ilimin do, re, mi.

Manyan masanan kiɗa na ƙasar nan ta hannun malamai suka faro. T.K.E. Phillips (1884 zuwa 1969), mai kaɗa ogan a babban cocin Angilikan na Legas, shi ya koyar da Fela Sowande (1905 zuwa 1987). Sowande kuma ya koyar da Ayo Bankole, wanda aka haifa a Jos a 1935, ɗan mai kaɗa ogan a wani coci na garin, wanda daga baya ya yi karatun kiɗa a Landan da Kambirij. Akin Euba (1935 zuwa 2020) a wurin mahaifinsa ya fara taɓa fiyano, shi ne kuma ya yi suna wajen sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen koyar da kiɗa a 1961, sannan aka kafa ƙungiyar MUSON a Legas a 1983, wadda ta buɗe makarantar kiɗa a 1989.

Amma hanyar da kalmar "fiyano" ta shiga bakin kowane Bahaushe dabam ce. A ƙarshen shekarun 1990 masu shirya finafinan Hausa a Kano suka rungumi fiyanon lantarki na kamfanin Yamaha, wanda ke iya kwaikwayon sarewa da ganga da sauran kayan kiɗa. Ɗakin kiɗa na Iyan-Tama yana cikin na farko da suka yi haka, kuma kiɗan fim ɗin Sangaya, wanda ya fito wajen shekarar 2000, ya sa abin ya bazu ko'ina. Tun daga nan, da wuya a je biki a Daura ko Katsina ko Maraɗi ba a ji kiɗan fiyano ba. Masu dannawa sun yi yawa. Waɗanda za su iya karanta rubutun kiɗa, su koya wa wani, su ne 'yan kaɗan, kuma wannan gibi ne ya sa muke wannan rubutu.

Na katako ko na lantarki?

Fiyanon katako ba abokin yanayinmu ba ne. Katakonsa yana son iska mai ɗan laima, kamar kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A nan kuwa, lokacin hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ta hau sosai. Katako ya tsuke, ya kumbura, ya sake tsukewa, har allon ya tsage, ƙusoshin da ke riƙe da tsirkiyoyi su saki. Ga ƙura, ga gara, ga ɓera da ke son ulun da aka naɗe wa gudumomin. Bayan haka yana bukatar gwanin da zai daidaita muryarsa aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, irin wannan gwani kuwa sai an ɗauko shi daga nesa. Wanda aka yi wa tayin tsohon fiyanon katako da araha, ya tuna cewa araha ba ta ado. Kada ya biya sai wanda ya san abin ya buɗe cikinsa ya duba.

Ga yawancin gidajenmu, na lantarki ya fi dacewa. Muryarsa ba ta sauka, yana aiki da batir ko wutar sola, kuma ana iya sa masa abin ji a kunne don kada a dami maƙwabta. In za a saya, a lura da abubuwa huɗu. Na farko, maɓallansa kada su gaza 61. Na biyu, su kasance masu cikakken faɗi, wato farare bakwai a jere su kai kimanin santimita 16 da rabi, domin masu ƙananan maɓallai kayan wasan yara ne. Na uku, a danna a hankali a kuma danna da ƙarfi, a ji ko sautin ya bambanta. In bai bambanta ba, yaro ba zai koyi sarrafa yatsunsa ba. Na huɗu, a ga ko yana da ramin sa feda. Wanda ya yi nisa, bayan shekara biyu ko uku, zai bukaci mai maɓallai 88 masu nauyi irin na katako. A riƙa rufe shi da zane bayan an gama, kuma a cire shi daga wuta idan ba a aiki da shi.

Wanda ba shi da halin saye kada ya karaya. Ana iya roƙon izinin yin aiki da na makaranta ko na coci a lokacin da ba kowa. Ana kuma iya zana maɓallan a kan kwali daidai girmansu, a riƙa motsa yatsu a kai ana rera sautukan da baki. Ba ya maye gurbin na gaske, amma ya fi zaman banza.

Abin da ake yi a darasi

Darasin mai farawa yakan ɗauki minti 30, sau ɗaya a mako. Malami nagari yakan fara da zama: baya a miƙe, ƙafafu a ƙasa, gwiwar hannu daidai da tsayin maɓallai, yatsu a lanƙwashe kamar an riƙe lemo. Kowane yatsa yana da lamba, babban yatsa 1, ƙaramin 5. Wannan abu yana kama da wasa, amma wanda ya saba da kaɗawa da yatsu biyu ko uku a miƙe, gyara shi ya fi koya wa sabo wuya.

Daga nan sai awon lokaci. Ɗalibi zai tafa, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da baki, kafin ya taɓa maɓalli. Yaranmu ba su cika shan wahala a nan ba, domin sun tashi da jin kalangu da luguden daka. Sai tsanin sautuka, wato hawa da sauka daga do zuwa do, da hannun dama, da na hagu, sannan a haɗa. Haɗa hannu biyu shi ne tudun farko da ke kayar da masu koyo. Dama tana rera waƙa, hagu tana ba ta gindi, kowace da tata tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu wata dabara a nan sai maimaitawa a hankali, layi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai hanyoyin rubuta kiɗa iri biyu da ake amfani da su a ƙasarmu. Ta farko ita ce ta do, re, mi, wadda wani Bature mai suna John Curwen ya yaɗa a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, bisa tsarin da wata malama, Sarah Glover, ta fara. Tana da sauƙi, kuma ita ce mawaƙanmu suka saba da ita. Ta biyu ita ce ta layuka biyar, inda ake ɗora ɗigo a kan layi ko tsakanin layuka, wurin zaman ɗigon ya nuna sautin, siffarsa kuma ta nuna tsawonsa. Mai fiyano yana karanta irin waɗannan layuka hawa biyu a lokaci ɗaya, na sama na dama, na ƙasa na hagu. Shawararmu ita ce a fara da do, re, mi don horar da kunne, amma kada a wuce wata uku ba a shiga layuka biyar ba, domin da su aka rubuta kusan duk littattafan fiyano na duniya.

A nan ne muke jan hankalin iyaye kan wani maɓalli da ke jikin fiyanon lantarki. Idan aka danna shi, na'urar da kanta za ta riƙa buga ganga da sauran kiɗa, mutum yana taɓa maɓalli ɗaya da yatsa ɗaya. Akwai kuma wanda ke ɗaga murya ko sauke ta, yadda mai kaɗawa zai yi shekara goma bai bar tsani guda ba. Waɗannan suna da amfaninsu a wurin biki, amma a ɗakin darasi a kashe su. Yaro yana iya burge baƙi da su a cikin mako biyu, alhali bai koyi komai ba.

Kunne da ido

Kada wani ya ɗauka muna raina kiɗan kunne. Dakta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba su dogara da takarda ba, kuma ba wanda zai ce ba su san kiɗa ba. Makaɗan fadar Sarkin Daura da muke ji da kakaki da algaita da tambura a lokacin Sallar Gani, su ma karatu suka yi, mai tsawo kuwa. Ɗan makaɗi yakan fara da ɗaukar kaya, ya yi amshi, a ba shi ƙaramar ganga irin kuntuku ya yi shekaru yana riƙe da bugu guda, kafin a yarda ya rataya kalangu. Wannan shi ne ainihin darasin malami da ɗalibi, kuma yana koya mana cewa gwaninta ba ta zuwa da gaggawa.

Abin da rubutu ke ƙarawa shi ne adanawa. Waƙar da ke kan mutum ɗaya tana iya tafiya tare da shi. Waƙoƙin 'yan mata na dandali, da na niƙa, da na reno, da waɗanda iyayenmu mata na zumunta suka tsara da kansu, da yawa sun ɓace don ba wanda ya rubuta muryarsu. Ɗalibin da ya iya kunne ya kuma iya ido zai iya zama gaban kakarsa, ta rera, ya rubuta.

Fiyano yana karɓar waƙoƙinmu fiye da yadda ake zato. Da yawa daga cikinsu a kan sautuka biyar aka gina su, kuma baƙaƙen maɓallai kaɗai suna ba da irin wannan tsani. A gwada laluben wata waƙar dandali a kansu, za a sha mamaki. Sai dai akwai abin da ba ya iyawa: goge da algaita suna zamewa tsakanin sauti da sauti, shi kuwa tsalle yake yi daga maɓalli zuwa maɓalli. Har ila yau, Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya harufansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su, haka wuyan riga da wuyar aiki. Mai sa wa kalmomin Hausa kiɗa, in bai kula da wannan ba, sai ya juya ma'ana. Malamin da ya san haka ya fi wanda littafin Turawa kaɗai ya sani amfani a wurinmu.

Yaro da babba

Shekara shida zuwa takwas lokaci ne mai kyau na farawa. Alamar shiri ita ce yaro ya san dama da hagu, ya iya ƙirga zuwa goma, ya san harufa A zuwa G, kuma ya iya zama wuri ɗaya na minti goma sha biyar. Wanda bai kai haka ba, a bar shi da waƙa da tafi da rawa, su ma shiri ne. Wani malamin kiɗa na ƙasar Japan, Shinichi Suzuki (1898 zuwa 1998), ya gina tsarinsa a kan cewa yaro yana koyon kiɗa kamar yadda yake koyon harshen uwarsa, wato ta yawan ji da kwaikwayo da yabo, shi ya sa ya bukaci uwa ko uba su zauna a darasi su ga abin da aka koyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Bulala a kan yatsu ba ta taɓa sa yaro ya so kiɗa ba.

Ga manya kuma, gemu ba ya hana ilimi. Babba ya fi yaro saurin gane bayani, shi ya kawo kansa, kuma ya san darajar kuɗin da yake biya. Abin da ke ba shi wuya shi ne yatsun da suka saba da fartanya ko alƙalami ko keken ɗinki, sai kuma kunya. Mutumin da ake girmamawa a ofis ba ya son a ji shi yana tuntuɓe a kan waƙar 'yan aji ɗaya. Maganin wannan shi ne ya faɗa wa malami tun farko abin da yake nema. In burinsa ya bi wa mawaƙa waƙoƙi masu sauƙi, shekara ɗaya zuwa biyu na aikin kullum za su iya kai shi. In yana son manyan kaɗe-kaɗe irin na Bach da Mozart, to ya ɗaura ɗamarar shekaru.

Aikin kullum

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. An ce maciji ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a kaɗai, har Bayajidda ya zo ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya je ya kashe macijin. Rijiyar tana cike da ruwa, amma garin yana fama da ƙishi, domin ɗiban rana ɗaya ba ya kai mutum mako. Ɗalibin da ba ya taɓa fiyano sai ranar da malami zai zo, halin da yake ciki ke nan. Kafin mako ya zagayo abin da aka koya masa ya ƙafe, malami ya sake maimaita darasin da ya wuce, iyaye kuma su biya kuɗin darasi ɗaya sau huɗu a wata.

Yatsu suna koyo ne ta maimaici da hutu a tsakani. Minti 15 kullum na kwana shida sun fi awa ɗaya da rabi a zama guda, ko da yake lissafin ɗaya ne. Ƙaramin yaro minti 10 zuwa 15 sun ishe shi, ɗan sakandare da babba minti 30. A tsayar da lokaci guda, kamar bayan la'asar ko kafin cin abincin dare, ya zama al'ada kamar wanke baki. A fara da tsani, sannan a nufi wurin da ke ba da wuya, a yi shi a hankali sau biyar ba kuskure, sannan a rufe da waƙar da aka riga aka iya don a tashi da daɗin rai. Kuskuren da aka fi yi shi ne komawa farkon waƙa duk lokacin da aka yi tuntuɓe, sai farkon ya yi santsi, tsakiyar kuwa tana nan yadda take.

Iyaye ba sai sun iya kiɗa ba kafin su taimaka. A sayi ɗan littafin rubutu, malami ya rubuta aikin mako, yaro ya sa alama kowace rana da ya yi, uwa ko uba su sa hannu. A kuma ɗauke wa yaro aike a wannan ɗan lokaci. Bidiyon koyarwa da ke YouTube suna da amfani wajen jin yadda waƙa take, amma waya ba ta ganin yadda yaro ya karkace hannu. Inda babu malami kusa, ana iya yin darasi ta kiran bidiyo da malamin da ke Jos ko Kaduna ko Legas, a kafa wayar yadda zai ga hannuwa biyu.

Zaɓen malami

Ba duk gwanin kaɗawa ne gwanin koyarwa ba. Kafin a ɗauki malami, a ba shi waƙar da bai sani ba a rubuce, a ga ko zai iya karantawa. A tambaye shi wurin wa ya koya, da littafin da zai bi, da inda yake sa ran ɗalibi zai kai bayan wata shida. A nemi jin ɗaya daga cikin ɗalibansa. A yi darasin gwaji guda, a lura ko yana barin yaro ya kaɗa, ko kuwa shi ne ke cinye lokacin yana nuna bajintarsa.

A yi maganar kuɗi a fili tun ranar farko, a rubuta: nawa ne a wata, darasi nawa, me za a yi in malami bai zo ba, me za a yi in ɗalibi ne bai zo ba. Iyaye su biya a kan lokaci, domin wannan sana'a ce, da ita malamin ke ciyar da iyalinsa.

Magana mafi nauyi ita ce ta tsaron yara. Darasin fiyano zama ne na mutum biyu kusa da juna. A yi shi a falo ko zaure, ƙofa a buɗe, wani babba na gida yana kusa. Kada a tura yaro ko yarinya su kaɗai ɗakin wanda ba a sani ba, kome yabon da ake yi masa. Malamin kirki shi da kansa zai nemi a yi haka, domin kariya ce gare shi ma. In yaron da ke son darasi ya fara ƙin zuwa haka kawai, a zauna a tambaye shi cikin natsuwa. Rigakafi ya fi magani.

Jarrabawa da abin da ke gaba

Mai son shaidar takarda yana da hanyoyi. Hukumar ABRSM ta Ingila, wadda aka kafa a 1889, tana da matakai daga 1 zuwa 8. A jarrabawarta ta gaba da gaba ana kaɗa waƙoƙi uku, da tsani, da karanta sabuwar waƙa nan take, da gwajin kunne. Maki 150 ne, ana ci da 100. Tun 2020 ta ƙara wani tsari na aika bidiyon waƙoƙi huɗu ta intanet, abin da ya sauƙaƙa wa na nesa irinmu. MUSON ma tana shirya nata jarrabawar mataki-mataki a cikin gida, kuma kiɗa yana cikin darussan da ake iya ɗauka a jarrabawar WAEC. Yawancin yara sukan yi kamar shekara ɗaya a kan kowane mataki. Jarrabawa ma'auni ce mai kyau, amma kada a mai da duk shekara ta zama haddar waƙoƙi uku.

Mun san abin da ke zuciyar wasu iyaye, ko da ba su faɗa ba. A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo, ana tsoron kada yaro ya bar karatu ya bi 'yan biki. Tsoron yana da tushe, amma abin da muke gani a aji shi ne, yaron da ya saba zama minti 30 kullum yana gyara kuskurensa da kansa, wannan haƙuri yakan bi shi zuwa lissafi da sauran darussa. Mafi yawan masu koyo likitoci da malamai da 'yan kasuwa za su zama, kiɗan ya zame musu abin hutawa da hidima ga jama'arsu. Kaɗan za su mai da shi sana'a, kuma su ne za su koyar da na baya.

Daga ƙarshe, muna roƙon tsofaffin ɗalibanmu da suka iya, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu a unguwarsa ya koya musu, har da karatun layuka biyar. Ɗalibai kuma masu sha'awa su ba da sunayensu ga malamin kiɗa a makon farko na sabon zango, domin a tsara lokacin da kowa zai samu a kan fiyanon makaranta. Iyayen da ke shirin saye, su zo mu duba tare kafin su biya. Allah ya ba mu sa'a, ya kuma albarkaci hannuwan yaranmu.